An Ce Mu Koma Ofis, An Kuma Dasa Mana Manhajar Sa Ido: Shin In Ajiye Aikin?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ƙaramarsu tana da wata takwas, kuma muna zaune a Daura tare da maigidana da mahaifiyarsa, wadda ke fama da ciwon suga da hawan jini. Tun shekarar 2021 nake aiki da wani kamfani mai zaman kansa da ke da ofis a birnin Katsina, inda nake shigar da bayanan ciniki a kwamfuta, in daidaita lissafi, in haɗa rahoton ƙarshen wata. Lokacin da aka ɗauke ni, da baki aka gaya mini cewa daga gida zan riƙa aiki, sai dai in leƙa ofis sau ɗaya ko biyu a wata, kuma a haka muka tafi ba tare da an taɓa ba ni takardar tuhuma ba.

A watan jiya sabon manajanmu ya fitar da sanarwa cewa daga farkon wata mai kamawa kowa zai riƙa zuwa ofis kwana biyar a mako, a dangwala yatsa ƙarfe takwas na safe, a sake dangwalawa ƙarfe biyar na yamma. Kafin ranar ta zo, sun sa wata manhaja a kwamfutocin da suka ba mu, wadda ke ɗaukar hoton allo kowane minti goma, tana ƙirga motsin linzamin kwamfuta (mouse) da danna madannai, wani lokaci ma kamara ta ɗauki hoton fuskar mutum, ni kuwa a cikin ɗakina nake, ba kullum nake da mayafi ba. An kuma ce mu sauke wata manhajar a wayoyinmu domin a riƙa ganin inda muke. Rahoton makon farko ya nuna wai ina zaman banza na kusan awa biyu a kowace rana, alhali lokutan sallah ne da shayarwa da kiran dillalanmu a waya.

Abokan aikina sun kasu uku. Wasu sun sayi wata 'yar na'ura mai motsa linzami da kanta, suna cewa in saya. Wasu na so mu fallasa kamfanin a Facebook. Wasu sun yi shiru suna neman wani aikin a ɓoye. Maigidana ya ce in ajiye aikin kawai, domin ba zai yarda in riƙa bin hanya kullum da jinjira ba. Amma albashina ne ke biyan kuɗin makarantar yara biyu da rabin maganin Hajiya, kuma na lissafa kuɗin mota zai cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ce bayan duk waɗannan shekaru ana kallona kamar ɓarauniyar lokaci. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki daga Daura.

Wa alaikis salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya raya yara, ya ba Hajiya lafiya. Na lura kin bar maganar da ta fi damunki sai a ƙarshen wasiƙa, bayan kin gama lissafin kuɗin mota da na makaranta. Wanda ya yi shekaru yana riƙe amana ba tare da an tsaya masa a kai ba, idan rana ɗaya aka kawo na'ura aka ce ita ce za ta ba da shaida a kansa, dole ransa ya sosu, kuma ba zan ce miki wannan ɓacin rai ba shi da tushe ba. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki rubuta takardar ajiye aiki a cikin wannan makon da zuciyarki ke tafasa. Matsalar da kika kawo mini a dunƙule take, amma idan aka warware ta za a tarar da zare uku: umarnin komawa ofis, manhajar sa ido, da kuma shawarar cikin gida tsakaninki da maigidanki. Ƙarfin hujjarki ya bambanta a kowane ɗaya daga cikinsu, kuma idan kika haɗa su kika tunkari manaja da su a lokaci guda, raunin ɗaya zai danne ƙarfin sauran.

Bari mu fara da manajan, domin ba za ki iya shawo kan mutumin da ba ki fahimci abin da ke ransa ba. Sabo ne, bai san ki ba, bai ga shekarun da kika yi kina kawo rahoto a kan lokaci ba, kuma akwai yiwuwar shi ma na sama da shi sun ɗora masa nauyin nuna cewa ya riƙe ragamar wurin. Mai yiwuwa kuma ya tarar da wasu daga cikin abokan aikinki da ba sa ɗaga waya sai bayan azahar, ko masu riƙe da aiki biyu a ɓoye, sai ya ɗauki matakin da ya haɗa mai laifi da marar laifi. Ba shi kaɗai ba ne a duniya. A watan Satumba na 2024 shugaban kamfanin Amazon, Andy Jassy, ya sanar da cewa ma'aikatan ofis za su koma zuwa kwana biyar a mako daga farkon Janairun 2025, kuma a ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya mayar da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka ofisoshinsu. Wani bincike da kamfanin Microsoft ya fitar a 2022 ya nuna girman ratar da ke tsakanin ɓangarorin biyu: kashi 87 cikin ɗari na ma'aikata sun ce suna aiki yadda ya kamata, yayin da kashi 85 cikin ɗari na shugabanni suka ce aiki daga gida ya sa yana musu wuya su sakankance da hakan. Saboda haka zargin da kike ji kamar a kanki aka nufa, cuta ce da ta kama manajoji da yawa tun bayan kullen korona, wanda ku mutanen Daura kuka fara ɗanɗana kafin sauran sassan jihar a watan Afrilun 2020. Akwai kuma gaskiya a ɓangarensu da bai kamata mu rufe ido a kanta ba, wato sabbin ma'aikata sun fi koyon aiki idan suna zaune kusa da tsofaffi, kuma bayanan ciniki sun fi samun tsaro idan ba su warwatsu a gidaje ashirin ba.

To amma ke ma kina da hujja, kuma hujja ce ta ilimi da za ki iya ajiyewa a kan tebur. Masanin tattalin arziki Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi gwaji a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin a kan ma'aikata 1,612, aka bar wasu suna aiki daga gida kwana biyu a mako, wasu kuma suna zuwa ofis kullum. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2024 ya nuna cewa masu barin aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku a rukunin masu kwana biyu a gida, musamman mata da masu doguwar tafiya zuwa ofis, kuma ba a ga bambanci a ƙimar aikinsu ko ƙarin girmansu ba. Sai dai adalci ya sa in gaya miki ɗaya gefen. A wani gwajin da aka yi tun farko a wannan kamfani, wanda aka buga a 2015, ma'aikatan amsa waya da suka koma gida kusan gaba ɗaya sun ƙara yawan aikinsu da kashi 13 cikin ɗari, amma damar ƙarin girmansu ta ragu matuƙa idan aka kwatanta su da takwarorinsu masu irin ƙoƙarinsu da ke ofis. Ina so ki tambayi kanki da gaske: a cikin shekarun nan da kike zuwa sau ɗaya ko biyu a wata, sau nawa aka tuna da ke lokacin ƙarin girma ko tura mutane horo? Mai yiwuwa rashin ganinki ya ci miki wani abu da ba ki lissafa ba, kuma zuwa ofis wasu ranaku zai iya zama riba gare ki ko da ba a tilasta miki ba.

A nan gida Najeriya ma, neman rage kwanakin zuwa ofis ba baƙon abu ba ne da za a ce kin ƙirƙiro. Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disambar 2021, kuma bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatocin Kwara da Edo sun rage wa ma'aikatansu kwanakin zuwa ofis zuwa uku a mako saboda tsadar sufuri. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 kafin wannan rana ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Tsakanin Daura da Katsina kuwa akwai kimanin kilomita 80 ta hanyar Mashi, wato kilomita 160 a rana, 800 a mako, ban da jiran mota ta cika a tasha da kuɗin Napep daga tasha zuwa ofis. Wanda zai dangwala yatsa ƙarfe takwas dole ya bar gida jim kaɗan bayan asuba, wanda kuma ya tashi ƙarfe biyar sai magariba ta riske shi a hanya. Ba na jin akwai mai hankalin da zai ce mai shayarwa ta yi wannan kwana biyar a mako har tsawon shekara, kuma a nan ina tare da maigidanki ɗari bisa ɗari.

Yanzu ga inda ƙafarki ba ta da ƙarfi sosai. Kin ce da baki aka yi miki alƙawarin aiki daga gida. Ki ɗauko takardar ɗaukar aikinki yau ɗin nan ki karanta ta layi bayan layi, ki nemi wurin da aka ambaci inda za ki riƙa aiki. Idan an rubuta ofishin Katsina, ko aka ce kamfani na da ikon tura ki duk inda ya ga dama, to a gaban doka umarnin manajan yana da tushe, kuma ƙin bin sa zai iya zama dalilin sallama. Idan kuwa ba a ce komai ba, sai ki tattara duk abin da ke nuna yadda aka saba: saƙonnin imel da na WhatsApp da tsohon manaja ya aiko, takardun alawus ɗin data idan ana biyan ku, da duk wani saƙo da aka ambaci cewa kina Daura. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan rikici, kuma lauya mai ilimin dokar ƙwadago zai iya duba takardunki ya gaya miki matsayinki a zama ɗaya. Ni dai ba na ba ki shawarar ki fara da kotu, domin shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma da wuya mutum ya kai kamfani ƙara ya ci gaba da zama lafiya a cikinsa. Amfanin tattara shaidar shi ne ki shiga tattaunawa kina sane da abin da ke hannunki.

A maganar sa ido kuwa, ƙafarki ta fi ƙarfi fiye da yadda kike zato, muddin kin bambanta abin da ya halatta musu da abin da ya wuce gona da iri. Kwamfutar tasu ce, lokacin aikin kuma sun biya kuɗinsa, don haka suna da ikon sanin abin da ake yi da ita. Daga yau ki ɗauka cewa duk abin da ya bayyana a allonta wani zai iya gani, ki cire WhatsApp ɗinki na gida daga cikinta, kada ki buɗe asusun bankinki ko hotunan iyali a kanta, kuma idan kin tashi daga aiki ki kashe ta ki rufe. Wannan ɓangaren ki haƙura da shi. Amma kamarar da ke ɗaukar hotonki a cikin ɗakin aurenki, da manhajar da za ta bi sawunki a wayar da kika saya da kuɗinki, waɗannan wani abu ne dabam. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta waya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuma ta kafa hukumar da ake kira NDPC a taƙaice, ta wajabta wa duk mai tattara bayanan mutane ya kasance yana da halastaccen dalili, ya sanar da su abin da yake tattarawa da manufarsa, kuma kada ya tattara fiye da abin da manufar ke buƙata. Dokar ta sa zanen yatsa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ta ba ki haƙƙin neman ganin abin da aka ajiye a kanki, ta kuma ba ki haƙƙin ƙin yarda a yanke miki hukunci mai nauyi bisa lissafin na'ura kaɗai ba tare da ɗan Adam ya duba ba. Mai aikin lissafi a kwamfuta ba direban da ke ɗauke da kayan kamfani ba ne, don haka da wuya a kawo dalilin da zai sa a bi sawun wayarta har gidan biki da asibiti ranar Asabar.

Saboda haka ki rubuta wa sashen kula da ma'aikata takarda gajeriya mai ladabi, ki tambayi abin da manhajar ke ɗauka, wa ke kallonsa, tsawon wane lokaci ake ajiye shi, kuma ko tana aiki bayan an tashi. Ki nemi a kashe kamara, ki faɗi dalilinki na addini da na sutura ƙarara, domin babu manajan da ke zaune a Katsina da zai ce bai fahimci abin da ake nufi da ɗaukar hoton matar aure a ɗakinta ba, kuma Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin sirrin mutane tun kafin a ƙera kamara. Game da waya, ki ce kin yarda a sa manhajar a wayar da kamfani zai ba ki, wadda za ki kashe idan an tashi. Irin wannan ƙorafi ya sha yin tasiri a wasu wurare. Bankin Barclays na Ingila ya janye wani tsarin bin diddigin ma'aikata a 2020 bayan sun koka, Microsoft ya cire sunayen ɗaiɗaikun ma'aikata daga ma'aunin ƙwazon da ya fitar, shi ma a 2020, bayan an yi masa ca, kuma a farkon 2024 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 32 a kan reshen Amazon mai kula da ɗakunan ajiyar kaya saboda sa idon da ya wuce kima. Dokokinsu ba namu ba ne, amma tamu ta ɗauko ruhinta daga irin nasu.

Awa biyun da aka ce kina zaman banza kuwa, kada ki bar su haka a rubuce ba tare da amsa ba, domin abin da aka rubuta ba a musanta ba shi ake ɗaukowa ranar da ake neman dalili. Manhajar yatsu take ƙirgawa, ba ta san lokacin da kike waya da dillali a kan rasit ɗin da ya ɓata ba, ba ta san lokacin da wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke ba, ba ta kuma san cewa mai lissafi yakan yi minti ashirin yana kallon lamba ɗaya kafin ya gano inda kuskure yake ba. Ki buɗe littafi ko shafi a kwamfuta ki riƙa rubuta abin da kika yi a kowace rana, da lokacin kowane kira, da adadin bayanan da kika shigar, ki aika wa shugaban sashenki taƙaitaccensa duk ranar Juma'a ko da bai tambaya ba. Ki nemi a ware lokacin azahar da la'asar a cikin tsarin manhajar ga kowa, wanda abu ne da duk ofishin zai goya miki baya a kai. Dokar Ƙwadago kuma, a sashe na 54, ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki. Lauyoyi za su ce miki ma'anar ma'aikaci a wannan doka ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, don haka ana iya jayayya ko ta shafe ki, amma ko ba ta shafe ki kai tsaye ba, ma'auni ce da kamfani mai mutunci zai ji kunyar yin ƙasa da ita.

Na'urar motsa linzami kuwa, ƙanwata, ki nisance ta. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma sha biyu bisa zargin sun yi dabarar nuna kamar suna danna madannai alhali ba sa aiki, kuma manhajar da ke ɗaukar hoton allo kowane minti goma ba za ta sha wahalar gane allon da bai canza ba yayin da linzami ke yawo. Amma ko da ba za a taɓa kama ki ba, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma duk ƙarfin da kike da shi a wannan rikici ya dogara ne a kan cewa ke mai gaskiya ce da na'ura ta yi wa ƙarya. Ranar da kika saƙala wannan 'yar na'ura, kin mayar da zargin manaja gaskiya da hannunki. Haka nan maganar Facebook. Akwai yiwuwar kin sa hannu a kan sharaɗin riƙe sirrin kamfani, Katsina kuma gari ne da kowa ya san kowa, wanda zai ɗauke ki aiki gobe yana karanta abin da kika rubuta yau. Idan abokan aikinki suna son yin abu tare, su rubuta takarda ɗaya mai sa hannun kowa a kan kamara da waya da lokacin sallah, domin a kan waɗannan ne bakinku ya zo ɗaya. Maganar kwanakin zuwa ofis ki kai taki ke kaɗai, saboda halin wanda ke zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina ba ɗaya yake da na wadda ke Daura da jinjira ba, kuma manaja ya fi sauƙin yi wa mutum ɗaya rangwame bisa dalili bayyananne fiye da janye umarninsa gaba ɗaya a gaban kowa.

Idan za ki gan shi, ki nemi ganawa ido da ido, ki je da takarda a hannu, kada ki fara da ƙorafi. Ki nuna masa rahotanninki na watannin baya da ranakun da kika miƙa su, sannan ki gabatar da tayinki: kwana biyu a jere a ofis kowane mako, da ƙarin kwanaki a makon rufe lissafin wata, sauran ranakun kuma daga Daura, na gwajin wata uku. Ki ba shi ma'aunin da zai auna ki da shi, kamar ranar miƙa rahoto, yawan kuskuren da aka samu, da tsawon lokacin da kike ɗauka kafin ki amsa kira ko saƙo, ki kuma ce idan kin gaza a wata ukun kin yarda a sake duba tsarin. Ki gaya masa abin da kika tanada na wuta da data domin kada ya ji tsoron uzurin ɗaukewar wuta. Manajan da ke tsoron kada a yaudare shi yakan sauko idan aka miƙa masa hanyar tabbatarwa, kuma kalmar gwaji tana ba shi damar amincewa ba tare da an ce ya lashe amansa ba. Duk abin da kuka cimma, ki tabbatar an rubuta shi an sa hannu, tunda kin ga abin da alƙawarin baki ya jawo.

Sai maganar maigida, wadda ban so ki ɗauke ta da wasa. Da ya ce ki ajiye aikin, tsoron hanya da tausayin jinjira da tunanin wanda zai kula da Hajiya ne suka yi magana, kuma duk ukun haƙƙinsa ne ya damu da su. Kada ki mayar masa da amsa da cewa kuɗinki ne ke riƙe da gida, ko da akwai gaskiya a ciki, domin wannan magana takan rufe ƙofar shawara. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ku zauna da takarda da biro, ku rubuta kuɗin makaranta na zango da kuɗin maganin Hajiya na wata, ku tambayi kanku daga ina za su fito idan albashin ya tsaya. Ki nuna masa tayin kwana biyun kafin ki kai wa manaja, ki nemi izininsa da ra'ayinsa, musamman a kan inda za ki kwana a Katsina daren da ke tsakani, ko gidan 'yan'uwanki ko nasa, da kuma 'yar rainon da za ta bi ki. Kula da Hajiya kuma nauyi ne na 'ya'yanta gaba ɗaya, kuma wannan dama ce da maigidanki zai zauna da 'yan'uwansa a raba ranaku da kuɗin magani, ba tare da ke kin buɗe baki a kan hakan a gabansu ba.

Idan manaja ya ƙi sam, har yanzu akwai sauran hanyoyi kafin ajiye aiki. Kina iya neman a ɗaga miki wa'adin har ki yaye yarinya, ko a mayar da ke ma'aikaciyar kwantiragi da ake biya bisa rahoton da ta kawo, duk da cewa wannan zai iya raba ki da fansho da inshorar lafiya, don haka ki lissafa da kyau. Kina iya zama a Katsina daga Litinin zuwa Juma'a na 'yan watanni idan maigida ya amince, ko ku haɗa kuɗin mai da wasu ma'aikatan da ke bin hanyar. A cikin wannan lokaci ki sabunta takardunki ki fara neman wani aikin ba tare da shela ba, kuma ba a kwamfutar kamfani ba. Mai iya daidaita lissafi da haɗa rahoto ba ta rasa masu buƙatarta, daga makarantu masu zaman kansu da shagunan magani da 'yan kasuwar hatsi har manyan makarantun tarayya da aka buɗe a Daura a 'yan shekarun nan, kuma riƙe littattafan 'yan kasuwa uku ko huɗu daga gida sana'a ce mai zaman kanta. Abin da ba na so shi ne ki saki reshe ki kama ganye.

In kuwa ta kai ga tafiya, ki tafi ta ƙofa. Ki ba da sanarwa gwargwadon wa'adin da takardarki ta tanada, ki miƙa kwamfuta da duk bayanan da ke hannunki a rubuce a sa miki hannu, ki karɓi takardar shaidar aiki, ki kuma duba asusun fanshonki ki tabbatar an zuba kashi 8 cikin ɗari na albashi daga gare ki da kashi 10 daga kamfani kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Asusun naki ne, yana bin ki duk inda kika koma, kuma idan kika yi wata huɗu ba ki samu wani aikin ba, doka ta ba ki damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke ciki. Ki yi istihara kafin ganawarki da manaja, kuma tunda wa'adin farkon wata ya matso, ki nemi ganawar a cikin wannan makon domin ya samu lokacin tuntuɓar na sama da shi kafin ranar ta cika. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.